Idon Maharbi: Wane Tabarau Ya Dace da Mai Bindiga?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuci da ƙauyukan da ke kewaye da su. Kaka ta wuce, an kai amfani gida, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san abin da ke biyo baya. Karnuka za su fara zumuɗi, a sauko da bindigogin da aka rataye tun farkon damina, a shiga daji neman zomo da gada da zabo da fakara. To yau da mafarauta nake magana, da 'yan banga, da 'yan bindigar da ke cika gari da ƙara ranar hawan salla. Uwargida, kada ki canza tasha, domin in abu ya faru, ke za ki yi jinya.

Bari in fara kai ku nesa, sannan mu dawo gida.

A ƙasashen Turawa da na Larabawa akwai wani wasan harbi da ake kira harbin tantabarar laka. Ba tsuntsu ake harbi ba. Wani ɗan faifai ne, faɗinsa santimita 11, kamar murfin ƙaramin kwano, nauyinsa wajen giram 105, ana yinsa da garin farar ƙasa da kwalta, a shafa masa fenti ruwan lemo. Inji ne ke cilla shi sama, ya tashi da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, maharbi ya bi shi da bindiga ya tarwatsa shi kafin ya faɗi. Asalin sunan kuwa, da can tantabaru masu rai ake saki daga akurki a harbe. Har a gasar Olamfik ta birnin Paris a 1900 an yi haka, aka kashe tsuntsaye kusan 300. Wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky, mutumin birnin Sinsinati, shi ya fito da faifan laka a 1880, sannu a hankali faifan ya maye gurbin tsuntsu, suna kuma ya zauna. Larabawa sun yi fice a wasan. Shaihu Ahmad Al-Maktum na Dubai ya ci zinare a Girka a 2004, Fehaid Al-Deehani ɗan Kuwait ya ci nasa a Brazil a 2016.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne, a Ingila da Amurka ƙungiyoyin da ke kula da wasan ba sa barin mutum ya tsaya filin gasa ba tabarau a fuskarsa. Ku duba fa. Bindigarsu ta masana'anta ce, an gwada ƙarfenta kafin a sayar. Harsashinsu inji ya auna shi, giram 24 na dalma a gasar Olamfik, ba ƙari. Fili a share, kowa ya san inda zai tsaya, ga alƙali a baya. Duk da haka suna tsoron ɓarɓashin faifan da iska za ta iya dawo da shi fuska, da ƙwayar dalmar da za ta bugi wani abu ta karkato.

Mu kuma fa? Bindigar toka, ko adaka, ko harba-ka-ruga, duk sunan da kuke kiranta, maƙeri ne ya haɗa ta da bututun da ya samu. Albarushi da tafin hannu ake auna shi. A ɗura, a tura tsumma, a zuba abin da aka samu, guntayen ƙarfe ne ko ƙwayoyin boris na keke, a sake tura tsumma a danna da sanda. Sannan mutum ya kwantar da kuncinsa a jikin ƙota, idonsa bai fi taƙi ɗaya da wurin da wuta ke kamawa ba, ya ja kunama. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai harba ta da dare ya ga tartsatsin da ke fita ta baya da ta gefe. Wannan tartsatsi ba ya zuwa wurin gada. Fuskar mai bindiga yake zuwa.

Na taɓa zama da wani dattijon maharbi a wani ƙauye da ke kudu da Tambuwal. Ba zan faɗi sunansa ba. Muna zaune kan tabarma gindin wata bedi, yana gyaran ƙotar bindiga da 'yar wuƙa, na lura in zai kalle ni sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya. Idon dama fari fat da hakiya, fatar da ke kewaye da shi kuma da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an watsa masa gero, burbushin albarushin da ya shige fata bai fita ba. Na ce, "Baba, me ya sami idon?" Ya ce bindiga ta kwana damina a rataye, ashe zanzaro ya yi gini cikin bututun. Bai duba ba, ya ɗura ya harba, wuta ta rasa hanyar gaba ta nemi ta baya. Na ciro tabarau irin wanda zan yi muku bayani na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya yi dariya ya ce, "Yaro, wanga ai na 'yan birni na. Mi maharbi za ya yi da gayu cikin daji?" Can kuma ya yi shiru, ya ɗora shi a fuska, ya dubi sama, ya ce in bar masa don jikansa da ya fara bin su farauta.

Wannan kalma ta gayu ita ce babbar matsalar. A wurinmu tabarau na ango ne, ko na mai ciwon ido, ko na ɗan acaɓa. Ni ban zo gardama da layar kowa ko gurun kowa ba, kowa ya san abin da ya gada. Amma maharbin da ke sa takalmi don ƙaya, ban ga dalilin da zai ji kunyar sa wa ido nasa takalmin ba. Tafin ƙafa in ya tsage yana haɗewa. Ƙwayar ido in ta fashe, sau da yawa shi ke nan.

(Ɗan kiɗa)

To yanzu wane iri za a saya? A nan nake so ku kasa kunne, domin nan ne ake yin kuskure.

Ranar kasuwa za ka ga mai tallar tabarau da allonsa, an jera su reras, baƙaƙe da masu walƙiya kamar madubi. Yawancinsu na ado ne. Wasu gilashin gaske ne, wasu roba ce mai gautsi. Idan guntun ƙarfe ya bugi irin wannan, fashewa yake, ɓaraguzan su shige ido. Mutum ya je asibiti da ƙarfe ɗaya da gilashi goma. Wato wanda ya sa irin wannan ya je harbi, wani lokaci gara ma wanda bai sa komai ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har makanta take jawowa.

Abin da ake nema wata roba ce mai suna folikabonet. An gano ta a 1953, a Jamus da Amurka kusan lokaci guda. Ita ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da ita. Halinta shi ne in abu ya buge ta sai ta lotsa, ba ta tarwatsewa. Ba ta da nauyi, kuma ko da fara ce garau tana tare hasken rana mai cutarwa, wanda ido ba ya gani amma yana taimakawa wurin kawo yanar ido.

Yaya za ka gane ta, tunda mai shago zai rantse maka cewa nasa ne na asali? Ka juya tabaraun, ka dubi cikin hannunsa, wanda ke hawa kunne, ka kuma dubi kusurwar gilashin. Akwai rubutu ƙanana da aka buga a jiki. Wanda aka yi bisa ƙa'idar Amurka za ka ga harafin Z da lamba 87, sannan alamar tarawa a gabansu. Wannan alamar tarawa ita ce maganar. Tana nufin an harbi irinsa da ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 6 da 'yan kai, da gudun kimanin kilomita 160 a awa, bai fashe ba, gilashin kuma bai fice daga mazauninsa ba. Wanda aka yi bisa ƙa'idar Turai za ka ga EN 166, tare da harafin F, gwajinsu kusan ɗaya ne. In ka ga harafin B, wannan ya fi ƙarfi, amma a kan irin mai rufe ido ruf da igiyar roba ake samunsa. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaronsa ɗan makaranta. Zan maimaita: Z, 87, da alamar tarawa. Ko EN 166 da F.

Akwai jabu, ban ɓoye muku ba. Wanda aka liƙa wa takarda kawai, ba a buga rubutun a jikin robar ba, ka ajiye musu abinsu. Kuma ba wurin mai tallar tabaraun ado ake nema ba. Ka je wurin masu sayar da kayan aikin kafintoci da magina da masu walda a Sakkwato ko Jega ko Birnin Kebbi, ka ce tabaraun kariya kake so, irin na masu wasa ƙarfe da inji, fari, ba baƙin nan na walda ba. Maharban gasa a Turai suna sayen masu tsada irin su Pilla da Decot da Randolph, wani kuɗinsa ya isa a sayi raguna. Amma ta fuskar tare ƙarfe, na leburan masana'anta mai wannan hatimi ya yi aikin, kuma kuɗinsa bai kai na zabuwa biyu ba a mafi yawan lokaci.

Sai dai in gaya muku iyakarsa, kada wani ya ce a rediyo aka ce. Harsashin bindigar tsuntsaye yana fita da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa, kusan ninki tara na gudun da aka yi gwajin da shi. Ba tabaraun da zai tare harbi kai tsaye daga kusa. Abin da yake tarewa shi ne tartsatsi, da burbushin albarushi, da ƙananan guntayen ƙarfe, da ƙwayar da ta bugi dutse ko kututture ta dawo, da wadda ta zo daga nesa ƙarfinta ya ragu. Kuma waɗannan su ne suka fi cin idanu. Ku tuna farautar gayya, mutum ɗari cikin daji, ga hayaƙin gobara, ga haushin karnuka, zomo ya ɓullo tsakanin mutum biyu, kowa ya ɗaga. Ku tuna reshen farar ƙaya ko sarƙaƙiya da na gabanka ya ture ya saki. Ko wanda ba ya riƙe da komai sai gora yana buƙatar abin nan.

Bayan ƙarfi sai zama a fuska. Maharbi ba ya kallo kamar mai tafiya kasuwa. In ya kwantar da kai a kan ƙota, goshinsa na sunkuyawa, sai ya koma kallo ta saman gilashi. Tabaraun da ke zamewa ƙasan karan hanci, ko mai kaurin baki daga sama, daidai lokacin harbi zai tare maka abin da kake nema, ko ka tarar kana leƙe ta samansa, ido a buɗe. Shi ya sa na 'yan gasa ake yinsa da faɗi, ya hau har gira, da yawa ma ba su da baki a sama. In za ka saya, ka sa shi, ka ɗauki sanda ka riƙe kamar bindiga, ka kwantar da kunci, ka ga ko har yanzu ta cikin gilashi kake kallo. Ka girgiza kai da ƙarfi. In ya motsa, da gumi zai faɗi. Ya kuma zagayo ta gefe har wajen kunne, domin tartsatsin bindigar abokinka ta gefe zai zo maka. Amma kada ya manne da fata ƙam, a bar 'yar kafa iska ta shiga, in ba haka ba da sanyin asuba tururin fuska zai rufe shi, ka cire ka sa aljihu, an koma gidan jiya.

Ga wani ɗan gwaji. Ka riƙe tabaraun nesa da fuska, ka kalli bakin ƙofa ko turken wutar lantarki ta cikinsa, ka motsa shi sama da ƙasa a hankali. In layin ya tsaya miƙe, lafiya. In ka ga yana lanƙwasa kamar maciji cikin ruwa, gilashin ba shi da kyau, zai sa ka ciwon kai, ya kuma nuna maka zabo inda ba ya nan.

(Ɗan kiɗa)

Saura launi, wanda shi mutane suka fi so a yi magana a kai, ni kuma da gangan na bar shi baya.

Maharban tantabarar laka suna yawo da gilasai kala-kala, suna canzawa yadda rana ta canza. Ruwan lemo da ja-ja suna sa faifan ya fito ƙal. Shunayya tana dusashe koren itatuwa don faifan ya bambanta da dajin da ke bayansa. Dabara ce mai kyau, amma an yi ta ne don abu ruwan lemo da ke tashi gaban koren daji. Mu abin da muke nema ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, yana gudu cikin busasshiyar ciyawa mai irin launinsa, sama kuma fari da hazo. Saboda haka kada wani ya gani a waya ya ce sai shunayya. A dajin Kebbe cikin watan Janairu ba koren da za ta dusashe.

Ga yadda nake gani. Da asuba, da almuru, da farautar dare da tocila a goshi, fari garau kawai. Ranar da hazo ya sauka, rawaya mara duhu tana taimakawa, domin tana rage shuɗin hasken da ƙura ke warwatsawa, sai gefen abubuwa ya ƙara fitowa. Tun 1938 aka fito da tabaraun maharba na Ray-Ban, kuma har da mai rawayan gilashi saboda irin wannan yanayi. Amma rawaya ba ta ƙara haske, ko da ido ya ji kamar gari ya waye. Kowane launi rage haske yake. Masu cewa rawaya na sa a gani da dare, ba haka ba ne, direbobi ma su ji. Da tsakar rana kuwa, lokacin bazara da ƙasa ke walƙiya, ruwan ƙasa ko ruwan toka matsakaici. Kada a kai ga baƙi ƙirin. In gilashi ya yi duhu sosai, baƙin tsakiyar ido sai ya buɗe don neman haske, gani ya rage kaifi, ka kasa raba gada da inuwar sabara. Mafi muni, ka kasa raba gada da ɗan'uwanka da ya tsuguna. Ƙa'idar 'yan gasa ita ce a sa mafi hasken gilashin da ido zai iya ɗauka ba tare da an runtse ba. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, ya sayi farin.

Dattawa masu tabaraun likita, naku na karatu ba na harbi ba ne, musamman mai hawa biyu, wanda ƙasansa na kusa samansa na nesa. Akwai na kariya mai faɗi da ake ɗorawa a kan na likita. Ko kuma in za a yanka muku sabo, ku ce a yi da folikabonet, na ganin nesa.

Wani abu kuma da za ku iya gwadawa yanzu, kuna zaune. Ku miƙa hannu biyu, ku haɗa su ku bar 'yar kafa a tsakiya. Ku kalli wani abu mai nisa ta kafar, ido biyu a buɗe. Ku rufe na hagu. In abin yana nan, idon dama ne jagoranku. In ya ɓace, na hagu ne. Akwai mai harbi da kafaɗar dama alhali idon hagu ke ja masa gaba, ya yi ta kuskure yana zargin maƙeri, ko ya ce an yi masa asiri. 'Yan gasa ɗan ƙaramin tef suke liƙawa a gilashin wancan idon, daidai inda yake hango bakin bindiga, sai ɗayan ya karɓi aiki.

Folikabonet tana da rauni guda: saurin karcewa. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce. In ka goge da bakin riga a bushe, mako biyu ya zama kamar gilashin tsohuwar fitila. A zuba ruwa tukuna ƙurar ta sauka, ɗan sabulu in akwai, sannan a goge da tsumma mai laushi. Kada fetur ko kananzir ko tina su taɓa shi, suna cin ƙarfin robar ko da ido bai ga alama ba. A ɗinka masa 'yar jaka. Wanda kuma wani abu ya taɓa bugu da ƙarfi, ya gama aikinsa, a sake wani.

In kuma ƙaddara ta faɗa, abu ya shiga ido, Uwargida ga naki. Kada a murza. Kada a ce za a ciro da tsinke ko da harshe. Kada a ɗiga nono, ko ruwan albasa, ko ruwan ganye, ko a sa kwalli. Kada a danna da tsumma a ɗaure tam, domin in ƙwayar ta huje, dannawa na fitar da abin da ke ciki. A yanke gindin kofin roba mai tsabta, a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a liƙe da filasta. Kada a ba shi abinci, ko za a yi masa aiki. A kama hanya a ranar, ba gobe ba. Asibitin da ke kusa su duba su tura, akwai likitocin ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, in abin ya fi nan akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Dalilin gaggawar biyu ne. Ƙarfen da ya zauna cikin ido yana iya kawo ruɓa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannan akwai wani ciwo, ba kullum yake faruwa ba, inda idon da ya huje ke jawo wa lafiyayyen kumburi har shi ma ya tafi. Louis Braille, Bafaranshen da ya ƙirƙiro rubutun makafi, yana ɗan shekara 3 ya soki ido ɗaya da basilla a shagon mahaifinsa mai aikin fata. Kafin ya wuce shekara 5 duka biyun sun rufe.

Kafin a fita wannan shekara, a zura sanda cikin bututu a tabbata zanzaro bai yi gini ba. In an ja kunama bindiga ta yi shiru, a bar bakinta yana kallon daji aƙalla minti ɗaya, kada a juyo ta a leƙa. Sarakunan dawa da shugabannin 'yan banga, in ana haɗa kuɗin albarushi da na mota, a sa na tabarau a lissafi, a aiki mutum ɗaya birni ya sayo dozin, ya fi sauƙi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kunne za mu taɓa, don na san maharba da yawa da sai an ɗaga murya suke amsa sallama. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)